Shekarar da Muka Hau Ɗa'ifa da Jirgi a Jaka

Kun taso a gidan nan kuna jin labari guda a kan baffanku Bakur: wai kakanku ne ya hana shi aikin da yake so, shi kuma ya yi zuciya ya bar Jidda. Haka kakarku ta riƙa ba da shi har ta koma ga Allah, haka uwarku ta karɓa daga bakinta, ni kuwa duk lokacin da aka ɗauko zancen sai in sunkuyar da kai in ci gaba da shan shayina. Yanzu hannuna ya fara rawa, idona ba ya rabe layin titi, kuma a cikin waɗanda suka zauna a ɗakin a ranar ni kaɗai na rage. Saboda haka zan rubuta muku yadda abin ya faru.

Kakanku Basarke ne, cikin Sarkawa masunta, mutumin bakin Kwara, daga wajen Yawuri. Da ƙafa ya taso yana saurayi da niyyar hajji, ya yi shekaru a Sudan yana su a Nilu, a can ya auri Inna, suka ƙetaro suka sauke farali, suka kafa ɗan gidan katako da kwano a unguwar Nuzla a nan Jidda, ba su sake komawa ba. A zamanin nan manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa saboda duwatsun cikin teku, sai ƙananan jirage su je su ɗauko mutane da kaya. Baba yana da huri, wato ɗan kwale-kwalen da ake sassaƙawa daga itace guda, kamar dai na gida, da shi ya ciyar da mu. Mutum ne marar yawan magana. Idan zai yabi wani, kalma biyu ce: ya iya ruwa. Ko limami ne, ko ɗan kasuwa, idan Baba ya ce wane ya iya ruwa to ya gama yabonsa. Ina ɗan shekara bakwai ya sa ni a hurin nan a gaban abokan aikinsa. Ba mu yi nisa ba cikina ya juya, na yi amai, na ƙanƙame ƙafarsa ina kuka har jirgin ya kusa kifewa. Ya juyo da ni gaɓa, ya wanke mini fuska, bai sake ɗaukata ba. Bakur, wanda na girma da shekara biyar, da fuka aka haife shi, Inna ta rantse ba zai kusanci teku ba. Da na girma na zama direba, shi kuma ya shiga gidan burodi a bayan layinmu. Idan baƙi suka zo Baba yakan ce Allah ya ba shi direba da mai gashin burodi, alhamdu lillahi. Ba da ɗaci yake faɗa ba. Amma ni ina jin abin da bai faɗa ba.

A shekarar da nake ba ku labari ina da ashirin da bakwai, ɗana na fari, Yusuf, yana goye. Na riga na tsinci Turanci a bakin Turawan da na yi wa tuƙi a tashar jiragen ruwa, wanda zai ishe ni gane magana da mayar da ita, shi ya sa wani kamfani mai auna ruwan madatsai ya ɗauke ni. Wanda nake tuƙawa wani dogon Bature ne mai ƙonannen hanci, kowa Muhandis yake ce masa, wato injiniya. Ba a daɗe da buɗe hanyar Hada mai hawa Ɗa'ifa ba. Mukan tashi da safe mu bi hanyar da ta kewaye Makka, tunda shi ba Musulmi ba ne, ba ya shiga, sannan mu kama hawan dutsen nan mai lanƙwasa, birai suna zaune a bakin hanya suna kallonmu, har mu fito Ɗa'ifa inda iska take da sanyi ko a tsakiyar bazara. A bayan garin, tsakanin duwatsu biyu, akwai wata madatsa da ta tara ruwan sama. Ban taɓa ganin ruwa kwance haka ba. Ba igiyar ruwa, ba gishiri, ba warin kifi, dutse yana kallon fuskarsa a ciki. Aikin Muhandis shi ne ya san zurfinsa da yawan laka da ta taru a ƙasa.

Rana ta farko ya sa na sauke wasu jakunkuna biyu na tamfol daga bayan mota. Ya zazzage su, sai ga sanduna da ƙawanyoyin katako da wata doguwar fata ta roba. Ina tsaye ina kallo ya harhaɗa su, kafin shayi ya huce ga jirgi siriri mai wurin zaman mutum biyu, da filafili mai kai biyu, ba irin na Baba mai kai ɗaya ba. Ya yi mini bayani cewa mutum ɗaya zai zauna a gaba yana sakin igiya mai darma yana rubuta zurfi, ɗaya kuma a baya yana tuƙi, ya riƙe jirgin a kan layi daga wannan alama zuwa waccan. Mai yi masa tuƙin ya koma ƙasarsu. Ya tambaye ni ko na san wanda ya iya. Na buɗe baki na ce ai ni ɗan masunci ne, ubana shekara talatin yana kan ruwa. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi sauran ba.

Sati uku na yi ina koyo. Ya ɗaura mini wata rigar toshiya mai hana nutsewa, ya riƙe jirgin a bakin ruwa na shiga. Da na soka filafili a dama sai hancin jirgin ya tafi hagu, in soka a hagu da ƙarfi don in gyara sai ya zarce dama, haka zan yi ta zagaye wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure. Muhandis yana gaɓa yana ce mini in saki ƙuguna, in daina kallon hancin jirgi, in zaɓi dutse ɗaya a can nesa in kafa masa ido, in tura da hannun sama maimakon in ja da na ƙasa. Ina jin maganar, amma jikina ba ya ji. Na riƙe sandar kamar za a ƙwace mini, tafukana suka yi bororo suka fashe. Sau ɗaya na kife a inda ruwa bai wuce ƙirji ba, na tashi ina tari, wasu makiyaya a kan dutse suna dariya. Duk da haka cikina bai juya ba ko sau ɗaya, wannan kuwa ya ba ni wani irin farin ciki da ban taɓa sani ba. A ƙarshen sati na uku ina iya kai jirgin ɗaya gefen in dawo, a karkace dai, amma ina kaiwa. Ban gaya wa kowa a gida ba. Da uwarku ta ga hannuna na ce mata taya na canza. So nake sai na ƙware, sannan wata Juma'a in ɗauko Baba in zaunar da shi a bakin madatsar, in shiga jirgi a gabansa. Ina tuƙin mota ina tsara yadda zai kalle ni da abin da zai ce.

A daidai lokacin zafin Jidda ya tsananta, ga laimar teku ga hayaƙin tanda, ƙirjin Bakur ya tashi har ya kwana uku a zaune. Inna ta roƙe ni in tafi da shi Ɗa'ifa ya sha iska. Na nemi izinin Muhandis ya ce tayyib, ba komai, Bakur ya zo ya riƙa dafa mana abinci a tanti. Cikin kwana biyu numfashinsa ya daidaita. A rana ta uku, bayan mun tashi daga aiki, ya zagaya jirgin yana shafa shi, ya ce ko zan bari ya ɗan zauna a ciki. Na ji daɗin tambayar. Na tsaya na yi masa dogon bayani kamar tsohon gwani, na maimaita masa duk abin da aka gaya mini, na gargaɗe shi cewa zai yi ta zagaye, kada ya ji kunya, kowa da haka yake farawa. Ya ce to, Yaya. Ya shiga, ya ɗan girgiza jirgin da ƙugunsa dama da hagu kamar mai gwada sabon takalmi, ya soka filafili sau biyu a karkace, a na uku sai jirgin ya miƙe. Ya tafi sak, ba fantsama, ba ƙara, ruwan ya tsage a bayansa gida biyu. Da ya kai tsakiya ya saka filafilin a baya ya danne, jirgin ya juyo a hankali ya fuskance mu, abin da babu wanda ya nuna masa, ni kuwa ban ma san ana yi ba. Muhandis ya cire lofe daga bakinsa. Na tafa, don na ga yana tafawa.

Tun daga ranar wani abu ya zauna mini a ƙirji. Ban san sunansa ba a lokacin, ko kuma na sani na ƙi kira. Shayin Bakur ya fara yi mini yawan sukari, wakensa ya fara yi mini gishiri. Idan Muhandis ya yabe shi da jimla uku, sai in mayar masa da ɗaya. Bayan sallar asuba, kafin su fito, nakan saci jiki in tura jirgin in yi ta fama, ina ƙirga yawan sukar da za ta kai ni dutsen can, in ga ko na kamo shi. Ban kamo shi ba. Cikin kwana goma shi ne a baya yana riƙe layi, Muhandis a gaba da igiyarsa, ni a gaɓa riƙe da tuta ina nuna musu alama. Har lissafin zurfin ya fara ganewa, yana rubuta lambobi a littafi da hannunsa mai ƙunar tanda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai san yana yi mini komai ba. Wata safiya ya fito ya same ni ina kokawa da jirgin, ya tsuguna a bakin ruwa yana kallo, da na fito sai ya ce cikin tausayi:

"Yaya, faɗa kake yi da ruwan. Ba ya gaba da kai. Ka bar shi ya ɗauke ka."

Na ce masa ya je ya duba tukunyarsa.

Da muka sauka Jidda ƙarshen sati, tun bai cire takalmi ba ya ba Baba labari, abin da ni na ɓoye wata guda ina tanadi. Ya faɗi nawa ma, ya ce ai Yaya ne ya koya masa. Baba ya saurara, sai da aka yi sallar magariba ya ce Juma'a mai zuwa a kai shi ya gani. A lokacin gwiwoyinsa sun riga sun gaza, ya daɗe da sayar da hurinsa, da sanda yake tafiya. Na ɗauke shi a mota muka hau. Da muka isa ya daɗe tsaye yana kallo, sannan ya tsuguna da ƙyar ya ɗebi ruwan ya kurkure baki, ya ce tun da ya bar Nilu bai ga ruwan daɗi mai faɗi haka ba. Ni na fara shiga. Wallahi ban taɓa yin tuƙi mai kyau kamar na ranar ba, na je na dawo ban zagaya ko sau ɗaya ba. Da na fito ya gyaɗa kai ya ce madalla, na yi ƙoƙari. Sai Bakur ya shiga. Bai kai tsakiya ba na ga Baba ya miƙe. Ya miƙo mini sandarsa ba tare da ya dube ni ba, ya tuɓe takalmansa ya ba ni, ya taka cikin ruwa har gwiwa, ya ɗaga murya yana kiran sunayen iyayensa da kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, da wani irin harshe na mutanen Yawuri da ban taɓa jin ya yi ba, a ƙarshe ya sa sunan Abubakar, sunan yankan Bakur. Da Bakur ya dawo Baba ya ce a ɗaga shi a sa shi a gaba. Suka tafi su biyu, suka daɗe, suka zagaye madatsar har inda dutse ya ɓoye su, ina jiyo dariyar Baba tana dawowa a kan ruwa. Ni ina tsaye a gaɓa da sanda a hannu ɗaya, takalma a ɗaya. A hanyar saukowa Baba bai yi shiru ba. Sunayen kifayen Kwara, yadda ake gane dorina tana ƙasa, yadda ubansa ya koya masa juya jirgi a gurbin ruwa, duk ya zazzage wa Bakur a kujerar baya, abubuwan da shekara ashirin da bakwai ina gidan ban taɓa ji ba. Da muka iso Nuzla ya dafa kafaɗar Bakur ya ce wa Inna, yaron nan ya iya ruwa.

Ba a yi wata ba Muhandis ya kira ni gefe. Ya ce aikin Ɗa'ifa ya ƙare, kamfani zai koma kudu inda ake gina wata babbar madatsa, kuma an ba shi dama ya ɗauki mutum ɗaya ya koya masa aikin awo sosai, shekara biyu, da takarda a ƙarshe, kamfanin ne zai zama kafilinsa, mai tsaya masa a wurin hukuma. Bakur yake so. Na tambaye shi ni fa. Ya yi dariya ya buga kafaɗata, ya ce ni ne direba mafi kyau da ya taɓa samu, amma a can suna da direbobi, zai rubuta mini takardar shaida mai kyau. Ya ce ya san al'adarmu, ba zai ɗauki ɗan mutum ba sai ya zo gida ya nemi izinin uba, in sa masa rana.

Ya zo wata la'asar. Aka share ɗakin Baba aka shimfiɗa darduma, ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar, aka kawo shayi da dabino. Baba yana zaune a kan buzunsa, Bakur a bakin ƙofa, Inna a bayan labule. Muhandis ba ya jin Hausa, Larabcinsa bai wuce na gaisuwa ba, su kuma babu mai jin Turanci. Duk maganar da za ta ratsa ɗakin sai ta bi ta bakina. Da farko na mayar da komai daidai, shekarun, koyon, takardar. Ina ganin fuskar Baba tana buɗewa. Sai ya ce in tambaye shi, ruwan can yaya halinsa. Na tambaya. Muhandis ya ce kwance yake kamar na Ɗa'ifa, ambaliya tana da lokacinta sananne, idan lokacin ya zo ba mai shiga jirgi, kuma shi tun da yake aikin nan bai taɓa rasa mutum ba. Na juyo wajen Baba. Ban shirya ba, Allah ne shaidata, ban kwana da shi ba, amma ya fito sumul kamar na daɗe ina bita:

"Ya ce ruwan can ba irin na Ɗa'ifa ba ne. Ambaliya tana saukowa daga dutse ba sallama. Ya ce bara ta tafi da mutum biyu."

Daga bayan labule Inna ta ce "Malam", sau ɗaya, a hankali. Muhandis yana murmushi yana kurɓar shayi, yana jiran a ce an amince. Baba ya ce in yi masa godiya, za mu yi shawara.

Kwana uku gidan bai zauna ba. Inna ta daina cin abinci, tana cewa ba ta yi shekara ashirin tana raya yaron nan da tofi da turare ba don ta miƙa wa ruwan dutse. Bakur yana bin Baba daga ɗaki zuwa masallaci, yana cewa ko mutum goma ruwan ya ci shi ya yarda, ai shi ma Baba a kan ruwa mai cin mutane ya girma. Uwarku tana kallona, don ta ga ba na iya haɗiye tuwo, ta ɗauka tausayin ƙanena ne. A rana ta uku Baba ya kira ni, mu biyu kawai. Ya ce shi a ransa yana so ya bar yaron ya tafi, ruwa ba ya cin wanda kwanansa bai ƙare ba, amma kukan uwar ya tsaya masa. Ya ce ni na san mutanen nan, na zauna da su, me na gani. Ku lura da wannan, domin ƙarya ta farko zan iya cewa ta kuɓuce mini, ta biyu kuwa ina da lokacin tunani. Ina iya cewa ban ji Turancin da kyau ba, a sake tambaya. Na ce:

"Ni dai ƙirjinsa nake ji, Baba."

Ya gyaɗa kai. Da yamma ya tara mu ya ce ya hana. Bai ambaci Inna ba, bai ambace ni ba, ya ɗauki abin a kansa shi kaɗai. Bakur ya tambayi dalili, Baba ya ce ƙirjinsa ba zai ɗauka ba. Kalmar da ya fi tsana ke nan a duniya, ita aka rufe shi da ita tun yana jariri, ga shi ta fito daga bakin mutumin da ya kira sunansa a cikin ruwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce:

"Da ka bar ni a gidan burodi, Baba. Da ba ka kira sunana ba."

Muhandis ya yi mamaki da na kai masa amsa, ya ɗauki wani ya tafi da shi, ya naɗe jirginsa a jaka, ban sake ganinsa ba, ban kuma sake zama a cikin jirgi irin wannan ba. Bakur ya koma tanda, ba ya magana da kowa sai gaisuwa. Bayan hajjin shekarar ya sami aikin kicin a wani jirgi mai mayar da alhazai Bur Sudan. Ya sallami Inna, ya rungume ni ya ce in kula da su, ya fita lokacin da Baba yake masallaci. Fitar nan ta kashe iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, dawowa ta zama da wuya ko da ya so. Yakan aiko wasiƙa sau biyu ko uku a shekara, da sunan Inna, da gaisuwa gare ni da uwarku da yara, babu layi ɗaya na Baba. Ni ne mai karantawa. Baba yakan zauna a gefe kamar ba ya saurare, idan na gama sai ya ce in sake karanta ƙarshen, ko na tsallake wani abu. In sake. Ya ce to, alhamdu lillahi, yana lafiya.

Na sami abin da nake nema, in dai shi nake nema. Na zama ni kaɗai ne ɗa a gidan. Ni nake kai shi asibiti, ni nake aske masa kai, ni nake ɗaga shi idan gwiwa ta ƙi. Yana sa mini albarka kullum, da gaske kuma yake yi. Amma bai sake yin zancen ruwa ba, da ni ko da wani. Sau da yawa na buɗe baki, ina masa aski ko ina matsa masa ƙafa, sai in ce bari sai ya ɗan ji sauƙi, bari sai bayan azumi. Shekara shida ina cewa bari. Ya rasu wata safiya bayan ya sha kunu, kansa a cinyata.

Bayan arba'in na nemi takardu na hau jirgi zuwa Bur Sudan, na yi amai tun daga fita har shiga. Na sami Bakur ya zama mutum, yana aiki a ƙaramin jirgin da ke shigo da manyan jirage tasha, ya yi aure, yana da ɗa namiji da bai sa wa sunan Baba ba. Iskar can ta karɓe shi, fukar ta yi sauƙi. Ya yi murna da ganina ƙwarai. Muka zauna a tsakar gidansa a kan gadon igiya, na ba shi labarin jinyar da jana'izar, ya yi hawaye, ya ce ya so ya rubuta wa tsohon, amma duk lokacin da ya ɗauki alƙalami sai maganar nan ta dawo masa. Sai na gaya masa. Na faɗi abin da Muhandis ya ce da abin da ni na ce, na faɗi cewa Baba ya so ya bar shi ya tafi, kuma maganar ƙirji daga bakina ta fito. Ya tambaye ni me ya yi mini. Na ce bai yi mini komai ba, ya iya ne, ni ban iya ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, na zauna ni kaɗai har inuwa ta bar gadon. Da ya fito idonsa ya bushe. Ya ce aikin ba ya damunsa, Allah ya ba shi wani.

"Amma shekara shida ina fushi da mutumin da yake so na tafi," in ji shi. "Ya mutu yana jiran layi ɗaya daga wurina. Wannan ban san inda zan kai shi ba."

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, don yana so Allah ya yafe masa nasa. Sannan ya ce kada in gaya wa Inna, ta riga ta rasa miji, ɗa ɗaya yana nesa, kada ta rasa wanda yake kusa. Na yi masa alkawari, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji sauƙi da ya nemi haka, don ya ba tsorona suna mai kyau.

Ya raka ni tasha ya riƙe mini jaka har bakin tsani. Bayan haka bai yanke zumunci ba. Ya zo hajji sau biyu ya sauka a gidan nan, wasunku suna tuna alewar da ya kawo. Ya zo jana'izar Inna. Idan na yi ciwo yakan aiko a tambaya, da aka haifi ɗansa na biyu ya sa masa sunan Baba. Muna gaisawa, muna cin abinci a kwano ɗaya, wanda bai sani ba ba zai ga komai ba. Sai dai tun daga ranar nan a tsakar gidansa bai sake ce mini Yaya ba. Har ya rasu Abu Yusuf yake kirana, wato baban Yusuf, yadda maƙwabta suke yi.